Gwaggo Mai Yanka Albishir

A gidanmu ba a cewa "albishirinki". Zagi ma ya fi wannan kalma sauƙi. In ka yi zagi faɗa kawai za a yi maka, amma in ka shigo da gudu kana ihun albishir, Gwaggo sai ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarka ba. Gwaggon nan yayar mahaifina ce, ita ta raine ni tun ina shekara biyu, lokacin da mahaifiyata ta sake aure ta koma wani gari. Kuma tana da dalilinta, domin a danginmu na wajen uba murna tana kashe mutane.

Ba wasa nake yi ba. Kakata, wato mahaifiyarsu, tana cikin dariya a tsakar gida ta dafa bango ta sulale, ba ta sake tashi ba. Gwaggo tana da shekara tara a lokacin. Bayan shekara huɗu yayarsu ta faɗi a filin makaranta, saura taku kaɗan ta ci tseren gudu. Sai mahaifina, kafinta ne, yana cikin aiki wani maƙwabci mai gyaran rediyo ya ci burkin keke a ƙofar shagonsa ya ce masa an haifa masa 'ya mace. Ya yar da zarto ya kama gudu zuwa asibiti, bai kai kwanar titi ta biyu ba ya faɗi. Ni ce albishirin nan, kuma tun kafin in iya ɗaura ɗankwali na san da haka.

Gwaggo kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta ɗauka abin nan yana zaune a ƙirjinta yana jiran ta yi kuskure sau ɗaya. Saboda haka tun tana yarinya ta daina gudu, ta daina tsalle, ta daina dariyar da ke buɗe baki. In abu ya ba ta dariya, sai ta tattara leɓenta ta fitar da iska ta hanci sau biyu, shi ke nan an gama. Masu neman aurenta sun zo, har da wani malamin lissafi mai kyan murya da ya yi shekara biyu yana sintiri, duk ta sallame su da girma da arziki. Ta ce haihuwa tsoro ne da murna a haɗe, ita ko ɗaya a cikinsu ba ta iya ɗauka ba.

Aikinta kula da siton wata makarantar firamare. Ɗaki ne dogo a bayan ajujuwa, ƙofarsa rabi biyu, ana buɗe na sama a bar na ƙasa a rufe. A ciki akwai kwalayen alli jere har kusa da rufi, da tsintsiya, da tawada, da tsofaffin taswirori a naɗe, da wata duniyar roba da ta lotsa a gefe ɗaya. Taga ɗaya ce, can sama, kuma da hantsi haske yakan sauko ta nan a karkace, garin alli yana yawo a cikinsa a hankali, ba ya hawa ba ya sauka. Yara suna kiranta Uwar Alli. Kowane malami ya zo, sanda biyu take miƙa masa ta saman ƙofa, in ya dawo neman ƙari sai ya nuna guntun da ya rage. Shugaban makaranta da kansa sanda biyu yake samu.

A wannan ɗaki na yi rabin ƙuruciyata. In an tashe mu sai in je in kwanta a kan taswirorin in jira ta. Daga nesa ina jin 'yan aji shida suna rera jadawalin sau, muryarsu tana zuwa tana komawa, ni kuma ina kallon garin nan a cikin haske har idona ya rufe. Wani lokaci in ga kamar ni ma ina cikinsa, ina shawagi kusa da rufi, ina hango Gwaggo a ƙasa tana tafiya daga kwali zuwa kwali kamar wadda ta ɗauko ƙwaryar ruwa cike a ka. Ban taɓa jin takun ƙafarta ba. Sai dai in farka in tarar ta lulluɓe ni da mayafinta, gashin girarta fari fat.

Mummunan labari kowa ya iya lallaɓa shi. Gwaggo kuwa mai daɗin take yankawa gunduwa-gunduwa, don a ganinta shi ne babu mai tsaron bakinsa a kansa. Da jarrabawarmu ta ƙarshe ta fito, ita ta fara gani, amma kwana huɗu ta ɗauka kafin ta gama faɗa mini. Ran farko ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa, ta ce, "'Yar nan, yau na bi ta wajen makarantarku." Ta tashi ta shiga kicin. Washegari ta ce ta ga an liƙa wata takarda a bango. Rana ta uku ta ce kamar ta hango suna mai kama da nawa, amma idonta ba shi da kyau yanzu. Rana ta huɗu da ta ce na ci, har da yabo, sai na ji kamar an miƙo mini shayin da ya huce. Na ce, "To." Ta duba fuskata, ta ga babu abin da ya motsa, ta ce, "Madalla," don ita a wajenta aiki ya yi kyau ke nan.

Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba. Ina son ta kamar raina, amma akwai ranakun da nake ji kamar in kama ta in jijjiga. Saboda haka na riƙa satar gudu. Akwai wani layi a bayan gidan burodi da ba kowa ke bi ba, in an aike ni sai in cire takalmi in zuba a guje har ƙarshensa, iska tana cika mini riga, ƙirjina yana dukan tara-tara. Sau biyu na ga duhu ya taso mini ta gefen ido, na tsuguna har ya wuce, ban faɗa wa kowa ba. Kafin in shiga gida sai in tsaya a bayan ƙofa har numfashina ya kwanta, in shiga ina jan ƙafa irin na 'yar gidan.

Ko maganar aurena mako guda ta yi tana yanka ta. Direban bas ne, mai faɗin murya, wanda in ya yi atishawa maƙwabta suke amsawa. Ta fara da cewa ta ga wata bas a tsaye a bakin layi. Shi kuwa bawan Allah yana can yana jiran amsa har ya rame. Bayan mun yi aure yakan ce gidan Gwaggo ne kaɗai ya sani inda ake auna dariya da cokali. In za mu je gaishe ta, tun daga bakin titi yake fara rage murya, kamar yadda yake sauke giya in ya hango gangara, amma bai taɓa yin nasara ba. Ita kuma takan ce, "Direba, a bar hon a waje."

Ina da shekara talatin da ɗaya abin ya same ni. Hadari ya taso, na bar shanya a waje, na taho da gudu daga shagon da nake buga wa mutane takardu. Abin da na sani kawai shi ne na farka a kan bencin wani mai wanki, ruwan sama yana dukan kwano, mata suna yi mini fifita da kwali. A asibiti aka ɗora ni a kan wani injin da ake tafiya a kansa ba a zuwa ko'ina, aka liƙa mini wayoyi a ƙirji. Da na fara sauri sai layin da ke kan allon ya rikice, likitar ta ce a tsayar. Aka ɗebi jinina, aka ba ni wasu ƙwayoyi, aka ce in dawo da wani babba daga dangin uba.

Likitar yarinya ce, ba za ta girme ni ba. Gwaggo ta zauna a gabanta da jaka a cinya, ta haɗa gwiwa. Likita ta juya bayan wata takarda ta fara zane.

"Mama, tsoka ba ta motsi sai da wani sinadari da ake kira kalsiyum. Ta zuciya haka, ta hannu da ƙafa ma haka. A cikin kowane ɗan zaren tsoka akwai wata 'yar ma'ajiya da ake tara shi. Akwai furotin ɗaya da aikinsa ya riƙe shi a ciki, akwai wani kuma da yake tsare da ƙofa. Duk bugu ɗaya na zuciya, ƙofa ta buɗe, kalsiyum ya fito, tsoka ta matse, sannan a kwashe shi a mayar ciki, ta saki."

"Sito ke nan," in ji Gwaggo.

"Sito ke nan, Mama."

"Sau nawa ake buɗewa a rana?"

"Wajen sau dubu ɗari."

"Allah sarki. Ba a tashi, ba hutun ƙarshen mako?"

Likita ta yi murmushi ta faɗi sunayen furotin ɗin, kalsikwestirin da wani mai rayanodin a ciki. Gwaggo ta sa ta maimaita, ta gwada a bakinta, ta ce, "Mai sito da mai ƙofa dai, 'yata, kada ki karya mini harshe."

"To, mai ƙofar ne na zuciyar 'yarki ba ya kamawa sosai. In tana zaune lafiya ba abin da ke faruwa. Amma in jiki ya ɗauki zafi, gudu ne, ko tsoro, ko murna, sai ya riƙa barin kalsiyum yana fita ba a lokacinsa ba, bugun zuciya ya rikice. Tsokar ƙafa tana da nata mai ƙofar daban, shi lafiyarsa ƙalau, shi ya sa ƙafa take iya gudun da zuciya ba za ta iya raka ta ba. Maganin da na ba ta yana rage wa zuciya jin wannan zafin, muddin ba ta tsallake shi ba."

Ina kallon fuskar Gwaggo. Shekara hamsin tana zaune da abin nan ba ta san kamarsa ba, yau ga shi an zana mata shi da biro a bayan takarda, ɗan da'ira da 'yar ƙofa. Ta sa yatsa ta taɓa zanen. Sannan ta tambaya shi kalsiyum ɗin me ya yi kama da shi. Likita ta ce yana cikin ƙashi, yana cikin madara, har allin da ake rubutu da shi a makaranta akwai shi a ciki. Gwaggo ta ɗauki jakarta muka fito.

Daga ranar ta daina shiga ɗakina. In ta zo duba ni sai ta tsaya a bakin ƙofa, cikin kayan da ta wanke ta goge, hannunta ya yi ja don cuɗa. Na yi ta ce mata ta shigo, ta ce nan ma ya isa. Direba ne ya gano abin, da ya biya ta makaranta ya tarar ta fito da kwalayen alli duka waje, ta ɗaure hanci da ƙyalle tana wanke sito har bango. Ta ce masa ita ta jawo. Shekara da shekaru tana kwantar da marainiya a cikin garin alli tana shaƙa, ta cika mata sito har ƙofa ta ɓalle. Ya ce mata, "Haba Gwaggo, da haka ne ai da malaman makarantar nan duk sun zube." Ta ce malamai sanda biyu take ba su, ni kuwa ɗakin gaba ɗaya ta ba ni.

Mako biyu ta yi da wannan nauyi kafin mu koma asibiti. Da likita ta ji, ba ta yi dariya ba, kuma har yau ina ganin girmanta saboda haka. Ta ce ba daga waje abin ya shiga ba, ba kuma yawan kalsiyum ba ne ko ƙarancinsa. Gado ne, da shi aka haife ni, kamar tsawon hanci. Wanda yake da shi, kowane ɗa ya haifa ko ya ɗauka ko ya tsallake shi, rabi da rabi ne. Ta ce tunda an gano inda nawa yake, jini kaɗan ya isa a duba ko Gwaggo ma tana da shi, sai kuma ta ɗan hau injin tafiya.

"Jini ki ɗiba yadda kike so," in ji Gwaggo. "Amma wancan abin, ni da ban yi gudu a ƙasar Allah ba, ba zan yi a kan bel ba."

Da lokacin karɓar sakamako ya yi ta ƙi zuwa. Ta ce in mummuna ne ta riga ta sani tun tana shekara tara, in kuwa mai daɗi ne ba a faɗa mata irinsa a tsaye a gaban baƙi. Ta sa hannu a takarda ta ce a ba ni. Na karɓa da rana tsaka, likita ta karanta mini sau biyu. Gwaggo ba ta da shi. Mai ƙofarta lafiya lau yake, kuma haka yake tun ranar da aka haife ta.

Na fito na zauna a kan dakalin asibiti na daɗe. Na yi murna, amma murnar tana da wani ɗaci a ƙasanta. Na tuna malamin lissafi. Na tuna shekara hamsin da ta yi tana taka ƙasa kamar za ta fashe. Sannan na fara shirya yadda zan yanka mata, don ban san wata hanyar ba da labari ba.

Na same ta a sito bayan an tashi yara. Ta mayar da kwalayen, ɗakin yana ƙamshin sabulu, makarantar shiru sai wata ƙofar aji da iska ke kaɗawa can nesa. Na ɗebo ruwa a kofi na miƙa mata, na jawo mata kujera.

"Gwaggo, yau na bi ta wajen asibiti."

Ta dubi kofin, ta dube ni.

"Ni za ki yanka wa, 'yar nan? Da wuƙata?" Ta ajiye kofin a kan kwali. "Mummunan labari ba a fara shi da ruwa a gidanmu. Faɗi."

"Ba ki da shi. Ba ki taɓa samunsa ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Ta ce zuciyarki ta fi ta Direba lafiya."

Na zaci za ta fitar da iska ta hanci sau biyu. Ba ta yi ba. Ta zauna tana kallon bango, hannunta a kan gwiwa. Da ta yi magana, muryarta ta fito a hankali, kamar mai ba da labarin mafarki.

"Ran da aka haife ki ina asibitin. Ni na fara ɗaukar ki. Na ce kada kowa ya je, ni zan faɗa wa ubanki, na ma shirya yadda zan yi, kwana biyu zan ɗauka. Na fito ina tafiya. Na kai wajen famfo sai ga mai rediyo a kan keke, ashe matarsa ta faɗa masa. Ya kaɗa mini ƙararrawa yana dariya, ya ce zai riga ni. Na kira shi, bai ji ba, muryata ba ta da nisa."

Ban taɓa jin wannan ba. Na zauna a ƙasa a gabanta.

"Akwai wani lungu mai matakala a gefen famfon, keke ba ya bi, sai ya zagaya ta babban titi. Lungun nan a bayan shagon ubanki yake ɓullewa. Wanda ya yi gudu zai riga keke, ko yaro ya san haka. Na tsaya a bakinsa. Na ɗaga ƙafa, wallahi na ɗaga. Sai na ji ƙirjina yana bugawa, na ce in na faɗi a lungun nan wa zai je? Na taka a hankali. Matakala arba'in da ɗaya ce. Da na fito, zarton yana ƙasa, shagon ba kowa."

"Gwaggo, ba ki sani ba."

"Shekara talatin da ɗaya abin da nake gaya wa kaina ke nan, cewa da na yi gudun da gawa biyu za a ɗauka." Ta dafa ƙirjinta. "Ashe ba abin da zai same ni."

Sai ta fashe da kuka. Ban taɓa jin muryarta ta kai haka ba, ban ma san tana da ita ba. Kuka ne na yarinya, baki buɗe, tana kiran ƙanenta da sunan da take kiransa suna yara, har ya fita ta saman ƙofa ya cika filin makarantar. Na riƙe ƙafafunta, jikina yana rawa, zuciyata ta fara sauri.

Ta ji rawar jikina a gwiwarta. Nan take ta haɗiye kukan, ta kama bakinta da hannu ɗaya, ɗayan ta ɗora a ƙirjina.

"Ke. Kin sha maganinki yau?"

"Na sha."

"Kin tabbata?"

"Na sha tun da safe, Gwaggo. Ki ci gaba."

Ta ƙara duba fuskata, hannunta yana nan a ƙirjina tana sauraro. Da ta gamsu, ta sauke hannun da ke bakinta ta ci gaba.